Yaɓen Ɗakin Kudu

Sheshe, Birnin Kano
12 ga Sha'aban, 1377

Daga ƙanwarka Aisa zuwa ga Yaya Mailafiya, a kasuwar goro ta Ikko.

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fata takardar nan ta same ka lafiya, kai da iyali. Ka sa a gai da mini 'yarka ta fari, 'Yardada, can ɗakin mijinta a Agege. Na ce ka sa a gaishe ta, don na san kai ba za ka iya ba.

Ka ga daga Sheshe na rubuto, ba daga Dukawuya ba. Yau kwanana ashirin a gidanmu, maigidana Malam ya ba ni izini in zo jinyar Inna. Tari ne ya kama ta tun daminar bara. An yi jiƙe-jiƙe, an sha rubutu, autanmu Ilu ya aiko da kwalaben asibiti daga Jos har sun cika alkuki, amma abin sai gaba yake yi. Ba na son in tayar maka da hankali, ba kuma zan yi maka ƙarya ba, ka san halina. Inna ta rame ƙwarai. Munduwar hannunta yanzu har gwiwar hannu take zamewa.

Bayan Ƙaramar Sallah za a yi yaɓen gida kafin ruwa ya sauka. Ka tuna dokar Baba, Allah ya jiƙansa: magini ya zo ko kada ya zo, 'ya'yan gida su ne za su kwaɓa ƙasa, su ne za su hau soro. Ka tuna yadda kuke ɗebo ƙasa daga bakin kududdufin bayan gida, in kun gama ku faɗa ruwa, Ilu yana kururuwa wai kada ya kama shi, alhali kai ne ka nutse ka cafko ƙafarsa. Kududdufin yana nan. Ya ƙanƙance, ko kuwa mu ne muka girma, ban sani ba.

Shekara goma sha huɗu ke nan babu hannunka a bangon gidan nan. Ikko ba Makka ba ce, Yaya. Abokin fataucinka Tanko sau huɗu yake zuwa a shekara, kwana biyu a jirgin ƙasa, ga shi da ciwon baya. Mu uku ne muka rage wa Inna cikin waɗanda ta haifa, ina so ta gan mu a tsakar gida ɗaya ko da sau ɗaya ne. Ka zo.

Ga ƙullin kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa a hannun Tanko kamar kullum. Na bana bai kai na bara ba, ka yi haƙuri.

Allah ya sada mu da alheri. Wassalam.
Aisa

*

Ikko
25 ga Sha'aban

Zuwa ga ƙanwata Aisa.

Gaisuwa da fatan alheri. Takardarki ta iso, na karanta ta sau uku. Allah ya ba Inna lafiya, ya sa kaffara ne, ke kuma ya saka miki.

Tambaya ɗaya gare ni, ki amsa mini ita tsakaninki da Allah. Ita ce ta ce ki kira ni, ko ke ce kika ga ya dace?

Kada ki karanta mini al'ada, na san ta. Na san uwa ba ta kama sunan ɗanta na fari, ba ta zama hira da shi, ba ta duban idonsa. Na san ranar da aka yaye ni kakarmu Ya Kaka ta saɓe ni zuwa ɗakinta, kuma ta riƙe ni da kyau, Allah ya haskaka kabarinta. Amma na girma cikin 'ya'yan fari irina, na ga yadda ake yi. Kunyar iyayensu ta gaban mutane ce. Da ido ya ɗauke sai uwa ta jawo yaro bayan ɗaki ta cusa masa ƙosai a hannu, ta kore shi. Ni ko wannan ban taɓa samu ba.

Kina wurin ranar da zan taho, bayan arba'in ɗin Baba. Na tsuguna a ƙofar ɗakinta, ina da shekara talatin, da gemuna, na ce, “Inna, zan tafi kudu neman abinci, a sa mini albarka.” Ta juya fuska bango, ta ce da ke, “Ki ce da baƙon nan Allah ya kiyaye hanya.” Babu kowa a gidan sai mu uku. Wa ake jin kunya? Tun daga ƙofar nan na ƙudura a raina ba zan sake tsuguna mata ba sai ranar da ta aiko da bakinta. Baƙo ai sai an gayyace shi.

Kada ki ɗauka ba na tunanin gida. Nan in kasuwa ta tashi nakan gangara bakin teku in zauna a kan yashi. Ruwa ne da ba a ganin ƙarshensa, jirage kamar unguwa guda, amma wallahi ina kallonsa kududdufinmu nake gani.

Kuka ta iso, na gode. Maiɗakina ta ce ba ta taɓa ganin mai tankaɗe irinki ba, ko tsinke ɗaya ba a samu. Ke kaɗai ce a gidan nan ba ki manta da ni ba, kuma ina sane.

Ga turmin atamfa da goro fari na ba Tanko. Ki miƙa wa Inna kamar yadda kika saba, kada ki ce daga ina.

Ina jiran amsarki. Wassalam.
Yayanki, Mailafiya

*

Sheshe
4 ga watan Azumi

Zuwa ga Malam Ilu, babban akawun kamfanin kuza a Jos, in aikin ofis ya bar shi ya karanta takardar yayarsa.

Ina gaisuwa, ina yi maka barka da shan ruwa. Jikin Inna yana nan jiya i yau. Ta so ta ɗauki azumi, na ɓoye mata ƙoƙon sahur, muka yi faɗa, na ci nasara.

Na rubuta wa Yaya Mailafiya ya zo yaɓe, ya amsa. Wai sai in Inna ce ta kira shi da bakinta. Ka ji mutumin da ya yi furfura yana neman abin da ya san babu shi.

Duk da haka na gwada. Shekaranjiya ina shafa mata man shanu a ƙirji na ce, “Inna, zan rubuta Ikko. In ce kin ce a zo?” Can ta ce, “Wa na sani a Ikko?” Tari ya sarƙe ta. Da ya lafa sai ta ce, “An jiƙa makubar yaɓen ɗakin kudu?” Ka ji fa. Ɗakin kudu, ɗakin Yaya, wanda ko kaza ba ta kwana a ciki. Kai ne shaida, kowace shekara da shi take sa ka fara, a yi masa shafe biyu, in an zo kan nata ta ce a bari, yana da sauran ƙarfi. Shekara biyar ke nan nata bai ga yaɓe ba. Daminar bara da ƙwarya uku take kwana tana tarar yoyo, ka ga inda tarin ya samo asali.

Akwai abin da kai ma ba ka sani ba, ya ishe ni riƙo. Kukar nan da nake aika wa Yaya, da daddawa da kuɓewa, ba tawa ba ce. Ni da ko tankaɗen garin tuwo sai maigidana ya yi ƙorafi? Inna ce. Ita take shanyawa, ta daka, ta tankaɗe sau uku. Shekarar da ya tafi ta ajiye ƙulli a gabana ta ce, “In mai goron nan zai koma, ga wannan, ya yi mini yawa. Kada in ji a bakin kowa.” Tun daga nan ba ta fasa ba. Ta bana a zaune ta daka ta, tana yi tana hutawa, kwana shida. Shi kuma yana can yana yi mini godiya, yana aiko mata da atamfa wai kada in ce daga ina. Na zama jakar mutum biyu, kowa ya ɗora mini kaya ya ce in rufe baki.

Ka ba ni shawara, tunda kai ka yi boko. In na faɗa masa na tona wa Inna asiri, kuma ka san kunyar nan ita ce duk abin da take taƙama da shi a duniya. In na yi shiru ba zai zo ba.

Ka gai da amarya da yara. Allah ya karɓi ibada.
Yayarka, Aisa

*

Jos
31 ga Maris, 1958

Zuwa ga Ya Aisa,

Bayan gaisuwa mai yawa tare da ladabi da biyayya, ina sanar da ke cewa wasiƙarki ta same ni ranar Asabar, kuma na fahimci duk abin da ke cikinta.

Da farko na yi niyyar in ce ki rubuta masa kawai cewa Inna ta ce ya zo, Allah ya yafe mana ƙaryar. Da na sake tunani sai na ga ba za ta yiwu ba. Zai tsuguna ya ce, “Ga ni, an ce kin kira,” ita kuwa ba za ta gaskata ƙarya ba ko da a kan gadon mutuwa take. Sai mu ɓata abin da muke son gyarawa.

Shawarata ita ce ki faɗa masa maganar kuka. Gaskiya ce, kuma haƙƙinsa ne. Inna za ta ji kunya kwana biyu, ta wuce.

Ya Aisa, tunda kin buɗe naki bari in buɗe nawa. Bara da na hau soro na ga azarar ɗakin Inna ta kusurwar gabas ta ci, gara ta gama da ita. Da ta ce a bari sai na ji daɗi, don hutuna ya ƙare kuma ina ɗokin komawa. Na sauko ban gaya wa kowa ba. Tun da kika rubuto maganar tarin nan ba na samun sukuni.

Kuma nakan tuna muna yara, Inna takan kira sunana sau ɗari a wuni, Ilu zo, Ilu ci, Ilu sauko, Yaya yana zaure yana ji. A lokacin daɗi nake ji. Ban taɓa tambayar kaina yadda abin yake sauka a kunnensa ba.

Na nemi hutun mako guda daga 10 ga Mayu, an ba ni. Bana da ɗakin Inna zan fara, ko ta yarda ko ba ta yarda ba. Ki rubuta masa da wuri, kada ki jinkirta.

Ki gaishe ta, ki ce autanta yana tafe.

Naki mai biyayya,
Ilu

*

Sheshe
14 ga watan Ƙaramar Sallah

Yaya Mailafiya,

Ina gaisuwa, amma yau gajeruwa ce, ka yafe. Ta gidan waya na aiko, ban jira Tanko ba.

Jiya Juma'a bayan la'asar ruwan fari ya sauka, da iska, tun ba a sa rai ba. Kusurwar ɗakin Inna ta rufta. Allah ya taƙaita, tana ƙarƙashin rumfa ina yi mata alwala. Da a kwance take da yanzu wata takardar kake karantawa.

Babu inda za a sa ta sai ɗakin kudu. Da maƙwabta suka zo ɗaukarta ta riƙe ginshiƙin rumfa da hannu biyu, matar da ko ludayi ba ta iya ɗagawa, ta ce, “Ɗakin yana da mai shi.” Sai da na yi mata kuka ta saki.

Ka tambaye ni ko ita ta ce ka zo. Ba ta ce ba. Na tambaye ta, ta ce wa ta sani a Ikko. Ba kuma za ta ce ba har ta koma ga Allah, ka cire wannan daga ranka. Amma bari in gaya maka abin da na riƙe shekara goma sha huɗu, wanda Ilu ya ce in faɗa maka tun farkon azumi na tsaya ina juya shi har soro ya faɗo.

Kukar da kake yi mini godiya a kanta, ban taɓa daka ko cokali ɗaya ba. Inna ce, duk shekara, da hannunta. Ta bana ba ta da yawa ne don ƙarfinta ya ƙare a kan turmi. Ɗakinka kuwa, ruwan jiya ko ɗigo bai shiga ba, saboda shi ake fara yaɓewa kowace shekara bisa umarninta, nata a bar shi. Kowace Juma'a ita take share shi. Allonka yana jingine inda ka bar shi. Atamfofin da kake aikowa ba ta taɓa tambayata daga ina ba, ba ta kuma taɓa sa almakashi a ko ɗaya ba. Suna cikin akwati a ƙarƙashin gadonka, a jere.

Ka ce wasu iyayen sukan ja yaro bayan ɗaki su ba shi ƙosai. To ga naka ƙosan, shekara goma sha huɗu kana miya da shi. Laifina ne da ban faɗa ba. Na ɗauka ina tsare mata mutunci ne.

Yanzu na tona mata asiri, Allah ya yafe mini. Ilu zai iso ran Asabar mai zuwa. Numfashinta ya fara yin sama-sama. In za ka zo, ka zo yanzu.

Aisa

*

Ikko
28 ga Zulƙida

Zuwa ga Aisa.

Bayan gaisuwa, na iso lafiya tuni, na kasa ɗaukar alƙalami ne. Ya ƙarin haƙurinmu? Allah ya jiƙan Inna, ya sa Aljanna ce makomarta.

Kwana bakwai muka zauna karɓar gaisuwa, ni da Ilu a zaure, ke a cikin gida, ban iya ce miki komai ba. A takarda ya fi mini sauƙi.

Ranar da takardarki ta zo ban ko rufe rumfa ba, na bar wa maƙwabci na nufi tasha. Kwana biyun nan a jirgi ina shirya abin da zan ce mata. Na tsara shi tsaf, har da inda zan yi shiru. Da na shigo Sheshe na ga lungunmu sai na yi sallama a ƙofar gida. Ilu ya fito da sanƙo da tabarau, ban gane shi ba sai da ya yi dariya. Ke kuma kika dube ni kika ce ashe teku ba ta wanke baƙin hali. Muka tsaya mu uku a tsakar gida muna dariya da hawaye, abin da kika roƙa ya samu. Na ji kamar ban taɓa tafiya ba.

Sannan na je ƙofar ɗakin kudu na tsuguna. Na hango ta a kan gadona, ƙarama kamar yarinya. Na yi sallama. Ta juya fuska bango ta ce, “Aisa, ki tambayi baƙon nan ko ya ci abinci.”

Aisa, na san maganar kuka, na san maganar akwati, duk suna cikin aljihuna a rubuce. Amma da na ji kalmar nan sai na koma ɗan shekara talatin. Duk abin da na shirya ya bi iska. Na tashi na tuɓe riga, na ce da Ilu ina kwandon ƙasa.

Kwana huɗu ina kan soro. Da safe in tsuguna a ƙofa in ce an tashi lafiya, ta amsa miki, in hau tsani. Na ce a raina bari in gama ɗakinta tukuna. In sa sabuwar azara, in yi masa yaɓen da ba a taɓa yi wa ɗaki a Sheshe ba, in ɗauko ta da hannuna in mayar da ita, a nan ne zan yi magana, ko ta juya ko kada ta juya. Na ɗauka aikin shi ne maganar. Na ɗauka kuma akwai lokaci.

Rana ta biyar da hantsi ina ɗaura indararo a inda soron ya haɗu da na ɗakin kudu na ji salatinki. Tsakanina da ita kauri ɗaya na soro. Taku goma ne daga tsani zuwa bakin gadon, na yi tafiyar kwana biyu na kasa yin taku goma. Wannan ba al'ada ba ce ta hana ni, ni ne.

Mun ƙarasa ɗakin bayan sadakar uku, kin gani, ya yi kyau, babu mai shiga.

Ki gaya mini gaskiya kamar yadda kika saba. Ta san kin faɗa mini? Zuwana ya ɓata mata rai ne? A kwana huɗun nan, ta ce wani abu a kaina, ko da na faɗa ne?

Wassalam.
Mailafiya

*

Dukawuya
15 ga watan Babbar Sallah

Yayana,

Ina gaisuwa, ina yi mana ta'aziyya har yau. Na koma ɗakina, an rufe gidan Sheshe, mabuɗi yana wurina. Ilu ya rubuto sau biyu, duk maganar azarar nan yake yi, na ce ya bari haka, kowannenmu yana da tasa azarar.

In sunanka kake tambaya, ba ta kama shi ba har ta cika. Ba zan ƙirƙira maka ba. Ko ta san na faɗa maka? Ta sani. Ranar da ka iso, bayan ka tashi daga ƙofa, ta dube ni ta ce, “Bakinki ba ya riƙe ruwa, tun kina yarinya.” Ba ta ƙara ba, kuma ban ga fushi a fuskarta ba.

Ga abin da ba ka gani ba. Ka tuna a jikin ɗakin kudu kuka jingina tsani, don ɗaya bangon ya jiƙe. Duk kwandon ƙasar da za ku kai ɗakinta sai kun bi ta kanmu. Safiyar farko ina ba ta kunu aka wuce dim-dim-dim. Ta ce, “Ilu ne, da gaggawa kamar kullum.” Can aka sake wucewa a hankali. Ta ɗaga mini hannu in yi shiru. Ta rufe ido tana saurare har takun ya kai ƙarshe. Sannan ta ce, “Ƙafar hagun nan ba ta ɗoru daidai ba. Na ce da Ya Kaka a kai wa maɗorin Ƙofar Na'isa, ba a ji ba.” Ni ban ma san ka taɓa karaya ba, Yaya. Ta ce kana ɗan shekara shida ka faɗo daga katanga, kwana arba'in kana kwance a ɗakin Ya Kaka, ita tana wucewa ta ƙofar da tulu ko ba a bukatar ruwa.

Daga ranar ba ta yarda a yi hira a ɗakin in kuna sama. Mata suka zo dubiya ta ce kanta yana ciwo. Kunun da take ƙi, ta shanye. Rana ta uku ta ce in gaya wa Ilu kada a yi gaggawar aikin nan, yaɓen gaggawa ba ya ƙarko. Na gaya masa, shi ya ɗauka maganar gini ce. Ni na gane, na kuma yi shiru.

Nan ne nawa laifin. Sau nawa na miƙe in fito in kamo rigarka in jawo ka ciki, in rufe ku in tafi, sai in ce kada in kunyata ta a kwanakinta na ƙarshe. Kai kana jiran ka gama ɗaki, ita tana jan aikin don kada ka gama, ni ina tsakiya ina gadin kunya. Ban san wanda ya fi wani wauta a cikinmu ba.

Safiyar ƙarshe ka wuce da kaya, takunka ya yi nauyi, har ƙasa ta ɗan zubo daga rufi. Ta buɗe ido ta ce, “Aisa, ki ce a rage wa yaron nan kaya, ya yi masa yawa.” Ba ta ce baƙo ba. Na ce to, Inna, bari in gama gyara miki matashi. Ban kai ga fitowa ba. Bayan wannan babu abin da ta ƙara sai kalmar shahada.

Saƙon ke nan, na isar, ko da yake a makare.

Kukar baɗi ni zan daka, za ka ga tsinke a ciki, ka ce da maiɗakinka ta yi haƙuri. 'Yardada kuma na ji ta sauka lafiya, an samu mace. A bakin Tanko na ji, ba a takardarka ba. Ba zan ce komai ba.

Allah ya haɗa mu da ita a inda babu juya fuska. Wassalam.
Ƙanwarka, Aisa

*

Ikko
9 ga Sha'aban, 1378

Aisa,

Gaisuwa da fatan alheri. Kuka ta iso, da tsinkenta. Mun ci.

Jiya na je Agege. Na tsaya a ƙofar gidan na yi sallama, na kira ta da sunanta na yanka, Falmata. Ta fito da goyo tana waige-waige, tana neman wanda ya kira ta. Ina tsaye a gabanta. Ba ta san muryata da sunanta a ciki ba.

Mijinta ya yarda, tare za mu taho bayan Sallah. Na rubuta wa Ilu ya nemi hutu. Ki buɗe gida, ki sa a jiƙa makuba.

Da ɗakin Inna za a fara, shafe biyu. Na san babu kowa a ciki.

Wassalam.
Yayanki, Mailafiya